Ko Fenti Zai Iya Hana Zafi Shiga Ɗaki?

Duk mazaunin Getso, ko Gwarzo, ko Kabo, ya san halin ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi yakan kai digiri 40. Shi ya sa idan aka ce ga wani fenti mai hana zafi, nan da nan mutane sukan kai hannu aljihu. To, kafin a kashe kuɗi, ya kamata mu san yadda masana suke auna irin wannan abu.

A shekarar 1822 wani Bafaranshe mai suna Joseph Fourier ya bayyana ƙa'idar tafiyar zafi a cikin abu. Yawan zafin da yake ratsawa ya dogara ga faɗin abin, da kaurinsa, da bambancin zafin fuskokinsa biyu, da kuma irin abin kansa. Kowane abu yana da lambarsa. Jan ƙarfe yana da kimanin 400, baƙin ƙarfe 50, ƙasar gini 0.8, fenti 0.2, katako 0.15, iskar da ba ta motsi kuwa 0.026. Mai ƙaramar lamba shi ya fi tare zafi.

Yaya ake samo lambar? A 1898 Charles Lees na Ingila ya tsara wata hanya. Akan sa abin da za a gwada a tsakanin faifan tagulla biyu, kowane da ma'aunin zafi. Sai a dumama na sama da tururi, a jira har ma'aunan su daina hawa. Daga nan a duba saurin hucewar faifan ƙasa, domin a san yawan zafin da ya ratsa.

Amma shafe mai ɗan kauri kamar fenti yana da wuyar awo ta wannan hanya. 'Yar iskar da ta maƙale tsakaninsa da tagulla tana iya tare zafi fiye da shi kansa, sai lissafi ya ɓaci. Saboda haka akan yi amfani da wata dabara da aka fito da ita a Amurka a 1961: a haska walƙiyar haske a fuska ɗaya, a auna lokacin da zafi ya ɗauka kafin ya isa ɗaya fuskar.

Yanzu ɗalibai su ɗauki alƙalami. Ƙarfin tare zafi shi ne kauri a raba da lambar abin. Fenti mai kaurin kashi ɗaya cikin biyar na milimita zai ba da 0.001. Silin na katako mai milimita 6 zai ba da 0.04, wato ninki 40. Bangon ƙasa mai santimita 30 kuwa ninki 375 ne. Ashe magina na dā sun san abin da suke yi.

Wannan ba ya nufin fenti ba shi da amfani. Farin fenti yana mayar da hasken rana kafin ya zama zafi a jikin kwano. Ku gwada da gwangwanin madara biyu, fari da baƙi, ku cika su da ruwa ku ajiye a rana awa ɗaya, sa'an nan ku auna.

Don haka mai rufin kwano ya fara da silin da tagogi masu shigar iska. Idan kuɗi ya ragu, ya shafa wa kwanon farin fenti.