Dalilin da ya sa sanƙo ya fi kama maza fiye da mata

Zubar gashi ba cuta ba ce a karan kanta. Kan ɗan Adam na ɗauke da gashi kimanin 100,000, kuma mai lafiya yakan zubar da 50 zuwa 100 a kowace rana, wasu su tsiro a madadinsu. Sanƙo yana farawa ne idan sabon tsiron ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina fitowa. Likitoci sun kiyasta cewa kusan rabin maza kan nuna alamarsa kafin su kai shekara 50.

Tushen lamarin shi ne sinadarin mazakuta da ake kira testosteron. A fatar kai, jiki yana sauya wani ɓangare nasa zuwa wani sinadari mafi ƙarfi mai suna DHT. Shi wannan DHT shi ne ke tsiro wa saurayi gemu da gashin ƙirji, amma a goshi da tsakiyar kai aikinsa akasin haka ne: yana tsuke saiwar gashi sannu a hankali, ya rage tsawon lokacin girmanta. Saiwoyin ƙeya da na gefen kunnuwa ba sa jin tasirinsa sosai, shi ya sa ko tsoho mai sanƙo fes yake da gashi a ƙeya.

Tun zamanin Girkawan da, Aristotle ya lura cewa babanni ba sa yin sanƙo. A 1942 wani masanin Amurka, James Hamilton, ya tabbatar da hakan: mazan da aka dandaƙe kafin balaga ba su yi sanƙo ba, amma da aka ba su testosteron, waɗanda ke da sanƙo a danginsu sai gashinsu ya fara zuba. Ke nan abu biyu ne ke haɗuwa, sinadari da gado. Mai sanƙo ba lallai ya fi sauran maza yawan testosteron ba. Saiwar gashinsa ce ta gaji rauni a gaban DHT. Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciki namiji daga mahaifiyarsa yake samun ta, don haka duba kan kawu yana da amfani, ko da yake ɓangaren uba ma yana da rabonsa.

Mace kuwa testosteron ɗinta kaɗan ne ƙwarai, kuma sinadarin mata, estirojin, yana tsawaita rayuwar gashi. Idan gadon ya same ta, gashin yakan yi shara-shara ne a tsakiyar kai, layin goshi ya tsaya inda yake, galibi bayan ɗaukewar al'ada. Ga ɗankwali kuma yana rufa asiri, abin da ya sa ake zaton matsalar ba ta shafe su ba. Zubar gashin da mata suka fi kuka da ita tana da wasu dalilai: watannin bayan haihuwa, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, da kitso mai tsauri da ke cinye gashin gaban goshi. Yawancin waɗannan suna gyaruwa idan an tare su da wuri.

Hula ba ta kawo sanƙo, kuma aski ba ya ƙara wa gashi kauri. Batun cewa sanƙo alamar arziki ce, wannan sai dai a bar shi a matsayin lallashi.

Magunguna biyu ne aka tabbatar da aikinsu: minoxidil da ake shafawa, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, da finasteride da ke rage DHT. Dukansu sai an ɗauki watanni kafin a ga sauyi, kuma da an daina gashin zai koma zuba. Finasteride na iya rage sha'awa ga wasu maza, kuma haɗari ne ga mai juna biyu, don haka ba maganin da za a saya a kemis ba tare da shawarar likita ba ne. Dashen gashi, wanda ya sa masu hali ke tafiya Turkiyya, ɗebo saiwoyin ƙeya ake yi a dasa a goshi. Idan ƙeyar ma ta yi ƙaranci, babu inda za a ɗebo.