Dauɗar Albarushi Ce Ke Fasa Bindigar Toka

Da zarar an kammala girbi, mafarautan ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan sukan sauko da bindigoginsu daga rataye. 'Yan sintirin da ke gadin gari da gonakin rake kuwa, tasu ba ta hutawa rani da damina. Akasarin bindigogin nan na toka ne, ƙirar maƙeran gida. Ranar da ɗaya ta fashe ta tafi da yatsun mai ita, sai ka ji ana cewa tsautsayi ne, wani ma ya rantse hannu aka sa masa. Sau da yawa ba ko ɗaya. Dauɗa ce aka bari ta taru a cikin bututu.

Albarushi ba ya cinyewa duka. Kusan rabin abin da aka ɗura toka yake komawa, wata ta fita da hayaƙi, wata ta manne a jikin ƙarfe. Tokar nan tana jan laima, shi ya sa bindigar da aka harba aka jingine ba wanki, a watan Agusta kwana ɗaya ya ishe ta fara tsatsa. Daga ciki tsatsar take ci. Waje na sheƙi, an goge shi, har da laya a ɗaure, alhali ƙarfen ya riga ya sirance. Ga shi kuma bututun da maƙera da yawa ke samu ba don wuta aka yi shi ba, na famfo ne ko na sitiyarin mota.

Amma haɗarin da ya fi kusa ba ya jiran tsatsa. Kowane harbi yana ƙara tsuke ramin, har ta kai harsashi ya maƙale a hanya bai sauka kan albarushi ba. Idan aka ja kunama a haka, ƙarfin wutar kan taru a inda ya tsaya, bututu ya kumbura ko ya tsage, sau da yawa daidai wurin da hannun hagu yake riƙe. Maganin ba ya cin ko sisi: a yi wa sandar ɗuri alama biyu, ɗaya ta lokacin da bindiga ba komai a cikinta, ɗaya ta lokacin da aka ɗura daidai. In sanda ta tsaya sama da alama, kada a harba. Alamar nan ce kuma ke tona ɗuri biyu, wanda mutum kan yi cikin ruɗewa idan kare ya taso da nama.

Dauɗa tana kuma ɓoye wuta. Wanda ya harba ya juye sabon albarushi nan take daga gora, gorar na iya tashi a hannunsa. A dakata, a goge ciki da tsumma mai ɗan danshi, a auna a wani abu dabam. In an ja kunama bindiga ta yi shiru, a ci gaba da nuna ta inda ba kowa, aƙalla minti ɗaya, domin wuta kan makara. Leƙa bakinta ko hura shi ganganci ne tsantsa.

Kada mai bindigar toka ya ɗauka tasa ce kaɗai mai wannan hali. Ƙaramar bindigar kamfani mai tulu mai juyawa, tazarar da ke tsakanin tulun da bututu ba ta kai rabin milimita ba, don haka dauɗa kaɗan kan sa tulun ya cije.

Wanki kuwa, bayan an tabbatar ba ɗuri, ruwan zafi ne da tsumma har sai ya fito fari, a busar sarai, a shafa mai kaɗan. Ban da baƙin man inji, wanda ke haɗuwa da toka ya zama danƙo. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kuma kada a narka dalma a tukunyar girki ko kusa da yara. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Bututun da ya kumbura ya gama aiki, walda ba ta raya shi, kuma a ganina haƙƙin Sarkin Baka ne ya duba na kowa kafin a fita.

Dokar makamai ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda ikon hana riƙe ko da bindigar toka ba tare da lasisi ba. Tsoron wannan kan sa a ɓoye mai rauni a gida ana barbaɗa masa gari. Maimakon haka, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a garzaya babban asibitin Ikara ko na Makarfi, in abin ya yi tsanani a wuce asibitin Shika. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.