Abin da ke Kare Injin Firji da Na'urar Sanyaya Ɗaki daga Ƙonewa

Idan wuta ta zo da rauni, ƙwan ɗaki ya yi ja, akan ji firji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sai a ji "ƙas", ya yi tsit. Bayan minti biyu ko uku ya sake yunƙurawa, ya sake yin shiru. Da yawa daga masu gida sukan ɗauka firjin ne ya lalace. Alhali wannan ƙarar ta wani ɗan ƙaramin abu ce da masu gyara ke kira obalod, kuma aikinsa yake yi: yana yanke wa injin wuta kafin ya ƙone.

A cikin kusan kowane firji, firiza ko na'urar sanyaya ɗaki akwai kwamfireso, wato baƙar tukunyar ƙarfen nan da aka liƙe ruf. A cikinta akwai injin lantarki mai juya famfon da ke matsa gas. Yawancin waɗannan injuna jikokin wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista ne a Amurka a 1888: naɗin wayar tagulla a gefe, dunƙulen ƙarfe mai juyawa a tsakiya. A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin wannan kwamfireso ne ake juya wa hanyar gas ya koma ɗumama ɗaki, don haka dokar kariyarsa ɗaya ce a Kano da Kanada.

Lokacin tashi ne inji ya fi wahala. Mai tura kurar ruwa ya san ƙarfin da yake sawa kafin ta motsa ya fi wanda yake sawa bayan ta kama hanya. Haka injin yake: a daƙiƙar farko yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja idan ya daidaita. Na'urar da ke cin amfiya 6 tana aiki, za ta iya jan fiye da 30 wajen tashi. Shi ya sa fitila ke dusashewa, janareta ya yi nishi. Wannan ba laifi ba ne muddin bai wuce ƙiftawar ido ba. Matsalar tana farawa ne idan injin ya kasa juyawa, ya ci gaba da jan wannan wutar.

Tun a wajajen 1840 James Joule ya nuna cewa zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bin ta. Idan wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Idan ta ninka shida, zafin ya ninka 36. Abin da ke raba zaren tagulla da ɗan'uwansa a cikin naɗin kuwa ɗan siririn shafe ne kamar fenti. An kasa shafen nan aji-aji: wani yana jure digiri 105 a ma'aunin Salshiyos, wani 130, wani 155, wani 180. Injiniyoyi suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka ƙayyade yana rage rabin tsawon ran shafen. Ke nan inji ba lallai ya ƙone a rana ɗaya ba. Yana iya shekara yana gasuwa a hankali, ran da ya mutu a ɗora wa wutar ranar laifi.

Obalod ɗin ƙananan na'urori, wanda aka fi sani da sunan Klixon, ɗan faifai ne da aka haɗa da ƙarfe iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya saurin buɗewa idan ya ji zafi. Dabarar tsohuwa ce, ana danganta ta ga John Harrison, maƙerin agogo ɗan Ingila na ƙarni na 18. Ana manna faifan a jikin kwamfireso ko a binne shi cikin naɗin wayar, wutar injin kuma ta bi ta cikinsa. Da zafi ya kai iyaka sai ya lanƙwashe farat ɗaya ya raba hanyar wuta. Idan ya huce ya koma. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yana jin zafi iri biyu: na wutar da ta yi yawa, da na jikin tukunyar kanta.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, cewa fiyus ko birekar gida sun wadatar. Su wayar gini suke karewa, musamman idan wayoyi suka haɗu. Injin da ya kamata ya ci amfiya 6, yana iya wuni yana cin 9 a kan bireka mai amfiya 20, ita ko a jikinta.

Me ke sa inji ya yi nauyi haka? A Najeriya ƙa'idar wutar gida bolt 230 ce, kuma akasarin injuna an ƙera su ne su jure saɓanin kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. Idan wutar ta sauka zuwa 170, ƙarfin juyawar injin ya kusa raguwa da rabi, sai ya tsaya cik yana gurnani. Nan ne amfanin sitabilaiza. Sai kafasito, wanda ke taimaka wa injin tashi. Idan ya kumbura ko ya yi sanyi, alamar iri ɗaya ce. Sai ƙurar hunturu da ke toshe ragar ƙarfen waje, zafi ya rasa mafita, matsin gas ya hau. Ƙarancin gas ma illa ne, domin gas mai sanyi da ke dawowa shi ke sanyaya injin a cikin tukunya.

Ɗauke wuta a maido nan take yana cikin mafi muni. Inji na tsayawa, matsin gas a ɓangare ɗaya yana nan da ƙarfinsa, sai ya ɗauki 'yan mintuna kafin ya daidaita. Shi ya sa na'urorin sanyaya ɗaki na zamani ke jira kamar minti 3 kafin kwamfireso ya tashi, kuma shi ya sa ake sa wa firji 'yar na'urar jinkiri a soket.

A manyan wurare, kamar ɗakin sanyi na masu kifi da kaji ko asibiti, injunan masu layi uku ne. Can ana amfani da kwantakta, makunnin da maganaɗisu ke ja ya haɗa babbar wuta bisa umarnin ma'aunin sanyi. A ƙarƙashinsa ake ɗaura obalod mai ɗan maɓallin saiti, a daidaita shi da amfiyar da aka rubuta a allon jikin injin. Shi ma aji-aji ne: mai lamba 10 yakan yanke cikin daƙiƙa 10 idan wutar ta ninka wajen shida zuwa bakwai, akwai kuma mai 20 da mai 30 don injuna masu nauyin tashi. Babban abin tsoro a nan shi ne layi ɗaya ya ɗauke. Injin ba zai tsaya ba, zai ci gaba da juyawa a kan layi biyu, naɗinsa yana dahuwa.

Ba na ganin uzuri ga mai gyaran da zai cire obalod ya haɗa wayar kai tsaye, ko ya murɗa saitin sama don a daina kiransa. Na'urar za ta yi aiki yau, mai ita ya ji daɗi, amma an cire abin da ba shi da tsada an bar kwamfireso, mafi tsadar kayan cikinta, ba mai tsaro. Obalod yana iya tsufa ya riƙa yankewa ba dalili, wannan gaskiya ne, kuma maganinsa a sa wani mai lamba iri ɗaya. Kafin a yanke masa wannan hukunci, mai gyara na ƙwarai zai auna bolt a soket lokacin da injin ke ƙoƙarin tashi, ya maƙala mitarsa a waya ya ga amfiya nawa ake ja, ya gwada kafasito, ya wanke raga, ya duba fanka da matsin gas.