Sandarewar kafaɗa da ciwon jijiyar da kan ɓuya a bayanta

Mace ta kai hannu za ta ɗaura ɗankwali, hannun ya tsaya a daidai kunne. Da dare ba ta iya kwanciya a ɓarin. Akan ce sanyi ne, a yi ta shafe-shafe, alhali jakar da ta lulluɓe gaɓar kafaɗa ce ta kumbura, ta yi kauri, ta tsuke. Wannan cuta, wadda likitan Amurka Ernest Codman ya yi bayaninta a 1934, ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, musamman mata da masu ciwon suga, kuma takan kai shekara biyu ko uku kafin ta saki.

Abin da ke damuna shi ne sau da yawa ba ita kaɗai ba ce. Daga wuya wasu jijiyoyi ke saukowa suna kai wa tsokokin kafaɗa umarni. A 1948 likitoci Parsonage da Turner suka bayyana a Ingila wani ciwo da ke kama su: zafi mai tsanani farat ɗaya, sai rauni ya biyo baya, tsoka ta rame, wani lokaci allon kafaɗa ya turo waje. Hannun da ba ya motsi kuwa, sannu a hankali gaɓarsa kan ƙage. Haka yake faruwa ga mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda ƙashin wuya ya danne wa jijiya.

Likita kan rarrabe ciwon jakar da na jijiya da hannunsa. Zai ce mara lafiya ya saki jiki, shi ya ɗaga masa hannun. In ya tafi har sama, gaɓa lafiya take, jijiya ko tsoka ce ta gaza. In ya cije ko a hannun likita, musamman wajen juya shi waje, jakar ce. In ga cijewa ga rama ga dindiris a yatsu, to biyu ne suka haɗu, sai a yi gwajin jijiya da na'ura.

Allurar rage kumburi tana sassauta zafin jakar, amma ba ta farfaɗo da jijiya, kuma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki. Masu jinya su daina jan shanyayyen hannu wajen tayar da mara lafiya. A tallafe shi ta ƙugu, hannun kuma a riƙa motsa shi kullum yadda likitan gashin ƙashi ya nuna.