Maraba Da Baki Ko Maraba Da Baƙi?

Don Allah ranar da kika fito unguwa, ki ɗan ɗaga kai ki karanta allunan da ke kan titunan Kano, tun daga Ƙofar Nassarawa har Kantin Kwari. Wallahi sai kin riƙe baki.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙugiya. Mai gidan abinci ya biya mai fenti kuɗi, an rangaɗa masa "Maraba da baki". To, a gidan abinci kam bakin ma ana maraba da shi! Amma kaya da ƙaya fa? Ko kura da ƙura? Haruffan nan, ɓ da ɗ da ƙ, sun girmi iyayenmu, tun shekarun 1930 suka shigo boko, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba, allon asibiti da Turanci zalla. Tsohuwa ta rako 'yarta da naƙuda, tana ta bulayin neman ɗakin haihuwa, alhali da an sa ajami a ƙasan allon da tuni ta karanta abinta. Ko ajamin da ke jikin ƙananan takardun naira, a 2007 aka cire shi.

Ke 'yar makaranta, idan Baba ko Yaya zai ba da rubutun allon shago, karɓi takardar ki gyara kafin fenti ya hau.