Gaisuwar Japanawa: Kunne Ya Fi Takarda

Shekarun baya na je Nagoya sayen injinan mota na hannu da za mu sauke a Kwatano. Kafin tafiya ɗana ya rubuta mini gaishe-gaishe a takarda, na haddace tsaf. Da na isa wurin dillalin, mutumin da bai ma kai ni shekaru ba, na ce bari in girmama shi da “kawu”. Maimakon ojisan sai na ja wasalin na ce ojiisan, wato “kaka”. Yaran shagonsa suka sunkuyar da kai suna danne dariya, shi kuwa ya ɗaure fuska. Ranar dai ciniki bai yi armashi ba.

Abin haushin, Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan ramin ba. Mu ma ai jan wasali ne ya raba garin da muke zaune da garin tuwo. Haka yake a wurinsu.

Da safe ana rubuta ohayou gozaimasu, amma a bakinsu “ohayoo gozaimas” za ka ji, suna haɗiye “u” ɗin ƙarshe. Da rana konnichiwa, ka danna “n” ɗin kamar yadda kake cewa “sannu”. Da yamma konbanwa, sai dai “kombanwa” take fita. Godiya “arigatoo gozaimas”. Kada ka kaɗa “r” ɗin, harshe ya taɓa sau ɗaya kawai. Sumimasen kuwa makulli ce: da ita ake neman afuwa, da ita ake kiran mai shago, da ita ake neman hanya a cikin jirgin ƙasa.

In ka shiga kanti aka ce maka irasshaimase, maraba ce, ba a amsawa. Sabon abokin ciniki kuma ka ce masa “hajimemashte”, ka ɗan rusuna, ka karɓi katinsa da hannu biyu, ka duba kafin ka ajiye. Ka kira sunan danginsa ka ƙara san. Kada ka liƙa wa naka sunan.

’Yan’uwa, kafin tafiya ku sa yaranku su nemo muku muryar Bajapane a waya, ku saurara, ku maimaita. Da na koma washegari na gaishe shi daidai, da sunansa, har shayi ya sa aka kawo mini. Mun daidaita a kan kaya kafin azahar.