Sabon Zango, Sabuwar Manhaja a Makarantar Cikin Gida

Shirin musamman na yau zai kai mu Amurka, amma makarantar da za mu leƙa ba ta da ƙararrawa, ba ta da hedimasta. Ajin teburin cin abinci ne, malamar kuwa ita ta haifi ɗaliban.

Tun 1993 doka ta yarda iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida a dukkan jihohin ƙasar 50. Da korona ta rufe makarantu, hukumar ƙidaya ta Amurka ta gano cewa gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a farkon annobar zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen 2020.

A watan Janairu ake shiga zango na biyu. Sanyi ya kulle kowa a ɗaki, uwa ta jawo littafin lissafin da ta saya tun Agusta, ta ga rabinsa da ƙyar da hawaye aka ci. Sai ta ce, "Wannan kam ya ishe mu." Ta sayar wa wasu iyayen a gwanjo, ta yi odar wani. A jihar Texas babu wanda zai tambaye ta dalili. A New York kuwa da sauran magana, domin tun farkon shekara ta miƙa wa hukumar ilimi tsarin karatun yaron da sunayen littattafan, kuma sau huɗu a shekara take kai rahoto.

Sauya littafin tarihi ko na adabi ba ya tayar da ƙura sosai. Wasu ma ajiye littafin makaranta suke yi, su bi tafarkin Charlotte Mason, malamar nan ta Ingila da ta rasu a 1923: darasi gajere, a karanta wa yaro labari mai daɗi, shi kuma ya maimaita da bakinsa. A lissafi ne ake jin jiki.

Ga misali. Akwai manhajar Saxon, wadda John Saxon, tsohon hafsan sojan sama, ya fara fitarwa a 1981. Ita kullum ɗan sabon abu kaɗan take kawowa, sannan ta jero tambayoyi wajen 30 a cakuɗe: na jiya, na makon jiya, na watan jiya. Tilawa ce tsagwaronta. Yaro mai saurin mantuwa yana amfana, mai saurin ganewa kuma ya ƙosa ya fara tauna fensir.

Sai manhajar Singafo, wadda ta yi suna bayan ɗaliban ƙasar sun zo na ɗaya a gwajin lissafi na ƙasa da ƙasa a 1995. Ita tsayawa take a kan abu guda har sai ya zauna. Za a fara da abin da yaro zai taɓa da hannu, a koma zane, sannan lambobi. A ce yara biyu sun raba dala 30, ɗaya ya fi ɗaya da dala 6. Yaro zai zana sanda biyu, ɗaya ta ɗan fi tsawo. Ya datse rarar 6, saura 24, ya raba biyu. Ga 12, ga 18, ba tare da ya taɓa jin sunan aljabra ba.

To a nan gizo ke saƙar. Littattafan biyu ba jeri ɗaya suke bi ba. Abin da wannan ya ɗauka an gama tun bara, wancan bai iso wurin ba tukuna. Yaron da aka ɗauke daga tsakiyar ɗaya aka dasa a tsakiyar ɗaya sai ya faɗa rami, uwa kuma ta zaci ƙwaƙwalwarsa ce ta toshe. Shi ya sa masu buga littattafan suke ba da gwajin tantance mataki. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: sabon almajiri ko ya ce ya kai izu goma, malam sai ya saurari karatunsa kafin ya ce masa ga inda zai ɗora.

Ni dai a ganina, ba kowane kukan Janairu ba ne laifin littafi. Wani lokaci uwar ce ta gaji, ga girki, ga goyo, ga aji uku a tebur ɗaya, kuma kwali mai ƙamshin sabuwar takarda yana sanyaya rai na mako biyu. Amma akwai littafin da da gaske bai dace da yaro ba, kuma wannan 'yancin ajiye shi a tsakiyar shekara malamin aji mai ɗalibai 30 ba shi da shi.

Abin da ya fi yi wa iyaye ɗaci shi ne sakamakon gwajin tantance matakin. Littattafan Singafo kashi biyu ne a kowace shekara, 3A da 3B, 4A da 4B. Sau da yawa yaron da ke aji huɗu gwaji zai mayar da shi 3B. Uwa ta dubi lambar da ke bangon littafin, ta dubi ɗanta, ta rasa yadda za ta faɗa masa. Wasu sukan liƙe lambar da takarda kafin safiyar Litinin.